Hannun Da Ya Rage A Kafaɗar Kaka: Ina Iyakar Rufin Asiri?

Kwana uku bayan jana'izar wata tsohuwa a Agege, 'ya'yanta da jikokinta suka taru a ɗakinta domin raba 'yan kayan da ta bari. A ƙarƙashin gado akwai wani akwatin ƙarfe irin na sojojin dā, wanda ba a taɓa ganin ta buɗe shi a gaban kowa ba. A ciki aka tarar da katin baftismarta, da tsohon littafin waƙoƙi wanda bangonsa ya zube, da zannuwa biyu na saƙi, sai kuma wani ɗan ƙunshi da aka naɗe da tsumma. Da aka kwance shi sai ga ɗan farantin ƙarfe baƙi, bai kai faɗin tafin hannu ba, gefensa ya fara tsatsa. Sai da aka kai shi bakin taga aka karkata shi ga haske kafin aka gane cewa hoto ne.

Wani mutum ne zaune a kujera da hular soja, da zanen aska a kumatunsa, da laya ɗaure a damtse. Wannan shi ne mahaifin marigayiyar. A gefe ɗaya mace tana tsaye riƙe da yaro. A ɗaya gefen kuwa an bi hoton da wani abu mai tsini an kankare shi tun daga sama har ƙasa, babu abin da ya rage sai baƙin fenti. Amma wanda ya yi kankarar bai yarda ya taɓa jikin mutumin ba, don haka ya bar abu guda: hannun mace, da awarwaro biyu, dafe a kafaɗar mai gida.

Babban ɗan marigayiyar ya ce, "A mayar da shi inda aka same shi. Abin da Mama ta rufe shekara da shekaru, ba mu ne za mu tone ba." Ƙanwarsa, wadda aka sani da himma a zumuntar mata, ta ce, "Yaya, ba ka ga layar ba ne? A fasa abin nan a zubar, kada la'anar dā ta bi yaranmu." Sai wata jika 'yar shekara goma sha biyu ta ce, "Baba, hannun wace ce wannan?" Ɗakin ya yi tsit.

Kafin a auna maganganun nan uku, ya kamata a san abin da ke hannunsu. Irin wannan hoto ya samo asali ne a tsakiyar ƙarni na 19. Wani Bafaranshe, Adolphe Martin, ya bayyana hanyar yin sa a 1853, a 1856 kuma Hamilton Smith ya yi masa rajista a Amurka. Sunan da ya samu a Turance yana sa a zaci da kuza aka yi shi, amma ba ruwansa da kuza. Siririn baƙin ƙarfe ne da aka shafe da baƙin fenti mai ƙyalli, shi ya sa maganaɗisu yake kama shi, shi ya sa kuma laimar Legas take cin gefensa. Mai hoto yakan zuba wa farantin wani ruwan magani mai danƙo, ya tsoma shi cikin ruwan azurfa, ya sa shi a kyamara tun yana jiƙe, ya wanke nan take, ya miƙa wa mai shi cikin 'yan mintoci. Arha ce ta sa ya bazu. A lokacin yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, sojoji sun riƙa aika wa iyalansu irinsa, masu hoton bakin titi kuma sun ci gaba da yin sa har cikin ƙarni na 20. Legas tana da manyan masu hoto tun da wuri, kamar George Da Costa, wanda ya taɓa riƙe kantin littattafai na CMS kafin ya buɗe wurin ɗaukar hoto a 1895. Hoton ƙarfe kuwa, a duk inda aka yi shi, hoton talaka ne da soja da matafiyi.

Ba abin mamaki ba ne a ga sojan Arewa a tsohon hoto a Legas. A 1863 John Glover ya kafa rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover, da yawa daga cikinsu bayi ne da suka gudu daga iyayengijinsu, sojan Nijeriya kuma daga can yake ƙirga asalinsa. Da layin dogo ya tashi daga Legas ya ratsa Agege ya kai Ibadan a 1901, ya kuma haɗu da na Kano a 1912, sai fataken goro da na shanu suka kafa Zango, tsofaffin sojoji da leburorin gonakin koko da goro suka zauna a kewaye. A cikin jikokin waɗannan mutane akwai Musulmi, akwai Kirista, sau da yawa ma daga tsatso ɗaya.

Hoton ƙarfe yana da hali biyu da suka shafi wannan magana. Na farko, guda ɗaya ne tak. Babu fim ɗin da za a koma a wanke wani daga gare shi, domin farantin da ke hannun jikokin shi ne ainihin wanda ya fuskanci kakansu a ranar. Wanda ya kankare gefensa ya san cewa ya shafe fuskar nan ke nan har abada. Na biyu, a juye yake fitowa kamar a madubi: dama ta koma hagu, hagu ta koma dama. Akwai wani sanannen ɗan bindiga a Amurka, Billy the Kid, wanda aka kashe a 1881. Shekaru da yawa mutane sun gaskata cewa bahago ne, har aka yi fim a kan haka a 1958, saboda a hotonsa na ƙarfe ƙaramar bindigarsa tana ɓangaren hagu. Daga baya masu lura suka ga cewa ƙofar zuba harsashi ta doguwar bindigar da yake riƙe da ita ta fito a ɓangaren da kamfanin bai taɓa sa ta ba, sai aka gane hoton ne a juye. An sayar da wannan ɗan faranti a 2011 a kan dala miliyan 2.3. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma ga wanda ya gani da idonsa ya kuma yi kuskure.

Akwai ma wani abin da masu tara tsofaffin hotuna suke kira hoton ɓoyayyiyar uwa. Da yake ɗaukar hoto a lokacin yana bukatar a tsaya cik na 'yan daƙiƙoƙi, jariri kuwa ba ya tsayawa, sai a lulluɓe uwar da mayafi ta zama kamar kujera, a ɗora mata ɗan. Idan aka duba da kyau akan ga ƙafarta a ƙasa, ko yatsunta a ƙugun yaron. Ashe tun farkon sana'ar, hoto ya saba ɓoye macen da take riƙe da gida.

Maganar a fasa a zubar ba ta da wuyar amsawa, ko da yake tsoron da ke bayanta na gaske ne. Dokar da ke Fitowa 20:4-5 ta hana yin siffa domin a yi mata sujada. Macijin tagulla da Musa ya yi bisa ga umarnin Ubangiji ya zauna ɗaruruwan shekaru ba laifi, sai da jama'a suka riƙa ƙona masa turare ne Sarki Hezekiya ya farfashe shi (2 Sarakuna 18:4). Ba wanda ya ƙona wa hoton nan turare. Masu sihirin Afisa da suka tuba littattafan sana'arsu suka ƙone (Ayyukan Manzanni 19:19), ba labarin iyayensu ba, hoton laya kuma ba laya ba ne. Annabi Ezekiyel ya keɓe sura guda, ta 18, domin ya tabbatar cewa ɗa ba zai ɗauki alhakin ubansa ba. Iyalin da suka ga laya a damtsen kakansu sun ga shaidar nisan tafiyar da alheri ya yi da gidansu, kamar duwatsu goma sha biyu da Joshuwa ya kafa a Gilgal domin 'ya'ya su gani su yi tambaya.

Maganar babban ɗa ce mai nauyi, domin tana tsaye a kan abu mai kyau. Rufin asiri yana cikin manyan ɗabi'un mutanen Arewa, Kirista da Musulmi. Shi ne addu'ar talaka da ta mai kuɗi, shi ne abin da uwa take yi wa ɗanta, mata take yi wa mijinta. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, an kuma ce garin tone-tone kaza takan tono wuƙar yanka ta. Littafi Mai Tsarki bai saɓa wa wannan ba. Sa'ad da Nuhu ya bugu ya kwanta tsirara, ɗan da ya fita ya ba da labari ya jawo la'ana a zuriyarsa, su Shem da Yafet kuwa, da suka shiga da baya-baya suka rufe mahaifinsu, suka sami albarka (Farawa 9:20-27). Doka ta biyar ta ce a girmama uba da uwa, ba ta kuwa ce a daina idan sun mutu ba. Wanda ya ce a mayar da hoton cikin tsumma yana ganin kansa a sahun Shem da Yafet.

Sai dai akwai abin lura a labarin. Shem da Yafet sun rufe Nuhu, amma Littafin da ya yabe su shi ne ya rubuta buguwar Nuhu, ake kuma karanta ta a gaban yara har yau. Sun rufe tsiraicinsa ne, ba su ce bai faru ba. Mayafin da suka ɗauka kuma bai cuci kowa ba. Ba a tuɓe wani aka rufe Nuhu ba. A nan ne bambancin yake. Rufin asiri na gaskiya yakan kāre mai rauni daga kunya, wanda ya rufe ɗin kuma shi ne yake ɗaukar nauyin shirun. Amma idan an rufe mutuncin wani ta wurin shafe wani, har a ce wance ba ta taɓa zama a gidan nan ba, ɗanta kuma ba ɗan gidan nan ba ne, to an tsallake daga doka ta biyar an faɗa cikin ta tara, wadda ta hana shaidar zur. Ma'aunin da za a riƙe shi ne, wa yake biyan kuɗin wannan shiru? Idan mai shirun ne, sadaka ce. Idan wata ce da ba a tambaye ta ba, zalunci ne, ko da an naɗe shi da tsumma mai tsabta.

Duk wanda ya san tarihin ikkilisiya a ƙasar nan zai iya zaton hannun wace ce. Taron bishop-bishop na Anglikan a Lambeth a 1888 ya yanke cewa ba za a yi wa mai mace fiye da ɗaya baftisma ba, sai dai ya zauna a ajin masu koyo, yawancin mishan da suka yi aiki a Arewa kuma a kan irin wannan ƙa'ida suka tsaya. Magidanta da yawa da suka ba da gaskiya sun riƙe uwargida suka sallami sauran. A Legas batun ya yi zafi har a 1917 wasu suka fice daga Metodis suka kafa ikkilisiyar da ake yi wa laƙabi da Eleja. Sai bayan shekara ɗari, a 1988, taron Lambeth ya sake duba maganar, ya yarda a yi wa irin wannan mutum baftisma da sharaɗin ba zai ƙara aure ba, kuma kada a tilasta masa korar ko ɗaya daga matansa saboda ƙuncin da za su shiga. Koyarwar miji ɗaya mace ɗaya ba ita ce ake gardama a kanta a nan ba. Abin dubawa shi ne matan da aka sallama a tsakanin waɗancan shekaru. Sun fita da goyo, sun koma gidajen iyayensu ko sun yi wani aure, an rubuta sunan mai gida a littafin baftisma, nasu kuwa ba a rubuta a ko'ina ba.

Littafi Mai Tsarki bai yi wa iyalin Ibrahim irin wannan kankara ba. Ya faɗi yadda aka sallami Hajaratu da gurasa da salkar ruwa, ya faɗi kukanta a jeji, ya faɗi cewa Allah ya ji muryar yaron. Da Ibrahim ya rasu, Ishaku da Isma'ilu tare suka binne shi a kogon Makfela (Farawa 25:9), wato dai Ishaku ya san yana da wa, ya kuma san inda za a same shi. Matta kuwa, da ya zo jera asalin Yesu Kristi, yana da damar ya bi sunayen maza kawai kamar yadda aka saba. Sai ya sa Tamar, ya sa Rahab ta Yariko, ya sa Rut mutuniyar Mowab. Da ya iso kan uwar Sulemanu sai ya kira ta da sunan Uriya, mutumin da Dawuda ya sa aka kashe. Kamar ya bar hannun Uriya ne da gangan a kafaɗar sarki. Idan hoton iyalin Mai Ceto ya ɗauki waɗannan, da wuya a ce na wani gida a Agege ya fi ƙarfin ɗaukar amarya guda.

Bishop Samuel Ajayi Crowther, wanda ya rasu a Legas a 1891, misali ne na kusa. An kama shi bawa yana yaro, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi a 1822, shi da kansa kuma ya rubuta labarin kamunsa da sayar da shi. A 1846 ya sake haɗuwa da mahaifiyarsa a Abeokuta bayan kimanin shekara ashirin da biyar. Naɗa shi bishop a 1864 bai sa ya ɓoye inda ya fito ba, labarin nan ma shi ne ƙarfin wa'azinsa. Gidaje da yawa na masu bi suna da kaka da ya fito daga bauta, ko daga gidan 'yantattun yara irin wanda mishan na SUM ya buɗe a Rumasha a 1909, amma sau da yawa an goge wannan daga bakin zuriya kamar abin kunya.

Duk da haka, gaskiya ba ta ba jikoki kujerar alƙali ba. Hoton bai faɗi wanda ya yi kankarar ba. Yana yiwuwa mai gidan ne, da hawaye, daren da za a yi masa baftisma. Yana yiwuwa uwargida ce da kishi, ko ɗa ne da ya girma ya zama dattijon ikkilisiya ya ji kunya, ko ma ita amaryar ce da kanta ranar da za ta fita, don kada ta bar fuskarta a gidan da ya ƙi ta. Mutum duban fuska yake yi, Ubangiji ne mai duban zuciya (1 Sama'ila 16:7), Manzo Bulus kuma ya kwatanta sanin wannan zamani da duban madubi mai hazo (1 Korintiyawa 13:12). Mai riƙe da hoton da dama ta zama hagu a cikinsa ya kamata ya yi sannu da hukunci. Sojan nan ya yi abin da aka koya masa cewa shi ne biyayya, mai yiwuwa kuma ya fi jikokinsa biyan tsada domin bangaskiyarsa. Ana iya a ce an cuci matar ba tare da an ce shi mugu ne ba.

Kada kuma a ɗauka faɗin gaskiya ba shi da kuɗi. Babban ɗan ya san abin da yake tsoro, ko da bai furta ba. Gidan da tsohon ya bari a Agege yanzu fili ne mai daraja, sabbin 'yan'uwa kuma sabbin magada ne. Idan suka zama Musulmi ne a Zango, akwai masu tsegumi a ikkilisiya da za su yi ta magana, akwai kuma yiwuwar waɗanda aka je nema su ce ba su da bukata. Mazauna Legas da suka ga rikicin Idi-Araba a Fabrairun 2002 sun san yadda tambayar asali take iya zama tambayar rai da mutuwa. Amma wannan tsoron yana da wata fuska: a birnin da ake raba mutane bisa ga suna da addini, ba ƙaramin abu ba ne yaron Kirista ya san cewa mai goron bakin tasha jininsu ɗaya. Hannunka, in ji masu magana, ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Gaskiyar ba ta bukatar a hau da ita bagade ranar Lahadi, ko a watsa hoton a wayoyin dangi kafin a yi shawara. Tana bukatar dai a amsa wa yarinyar da ta yi tambaya, daidai da shekarunta, a rubuta sunan matar a takarda a ajiye tare da farantin, a wuri busasshe, ba tare da an goge shi da ruwa ko tsumma ba, domin fuskar hoton ƙarfe ba ta jure shafa.

A ɗakin nan na Agege akwai wadda ba ta ce kome ba tun da aka buɗe akwatin, wato ƙanwar marigayiyar, wadda take zaune a tabarma tana jin su. Ita ce ta miƙa hannu aka ba ta farantin. Idonta ya yi rauni, don haka ta bi shi da yatsa har ta kai kan kankarar. Ta ce amaryar Baba ce, an sallame ta tun kafin a haife su, ta fita da ɗa namiji a bayanta, daga baya wani falken goro ya aure ta a Zango. Ta faɗi sunanta, sunan da babu wanda ya taɓa ji a cikinsu. Sa'an nan ta dubi babban ɗan ta ce, "Kai da kake cewa uwarka ta rufe, ka taɓa ganin ta ci goro? To, shekara arba'in duk jajibirin Kirsimeti sai ta tafi kasuwa ta sayo ƙwarya guda, a rumfa ɗaya, ba ta taɓa neman ragi ba."

Ya karɓi hoton ya naɗe shi cikin tsummansa. Bai mayar da shi akwati ba, aljihun rigarsa ya sa. Ya ce, "Goggo, wace rumfa ce?"